Filin Golf a Gonar Yayana

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da wannan abu ya same ni ina magidanci mai ƙananan 'ya'ya. Da damina ina noma a Matameye, in an kai amfani gida in tafi ci-rani Kano kamar sauran mazan unguwarmu. Su suna dako da gadi da sayar da ruwa, ni kuwa Allah ya kai ni wani filin golf, ina baje yashi da manjagara, wani lokaci in ɗauki jakar sanduna ina bin masu wasa. Ga wanda bai san wasan ba, 'yar farar ƙwallo ce ake bugawa da sandar ƙarfe daga nesa har ta faɗa rami, wanda ya kai ta da bugu kaɗan shi ya ci. Wani dattijo mai kula da ɗakin kaya ne ya koya mini. Baba nake ce masa, shi kuma yana kirana ɗan Faransa, don daga Nijar nake.

Ranar da masu fili ba sa zuwa, akan bar ma'aikata su taɓa. Da yake akwai 'yan Nijar da dama a cikinmu, direbobi da kuku da masu shara, sai muka fara karawa duk shekara kafin mu koma gida: ƙungiyar Nijar da ƙungiyar Najeriya. Abin ya yi armashi, har wasu malaman lakwal biyu, wato na makarantar boko, daga Damagaram, waɗanda suka koyi wasan wurin Nasaru, suka riƙa zuwa suna shiga cikinmu. Shekarar da muka fara cin 'yan Najeriya, daɗi ya ɗebe ni, na miƙe a gaban kowa na ce baɗi a garinmu za a yi, ni zan shirya komai. Aka yi tafi. Baba kaɗai ya tambaye ni ko akwai fili a Matameye, na ce masa ƙasarmu duk fili ce.

Daminar da ta biyo baya ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Rumbuna suka zauna wayam, mutanen arewa suka fara sauko mana da ragowar dabbobinsu. Ni duk da haka hankalina yana kan alkawarin da na yi. Na roƙi yayana ya ara mini gonarsa da ke hanyar Ɗan Barto, wajen iyaka, ya yarda bisa sharaɗin in mayar masa da ita yadda take kafin shuka. Na tumɓuke kututturan kara, na haƙa ramuka, na kafa tutoci da tsummokaran atamfa. Tunda ba ciyawa, dole a cakuɗa yashin bakin rami da baƙin mai don ƙwallo ta gangara, haka ake yi a Kano. Na bi garejin Damagaram ina roƙon mai, na ɗoro shi a mota. Ranar da Yaya ya tarar ina zubawa sai ya ce, "Ƙasar da muke roƙon Allah ya jiƙa da ruwa, ita kake jiƙawa da mai?" Na ce masa wuri kaɗan ne, zan kwashe.

Sai maganar izini. Zamanin soja ne, ba a tara mutane sai da takardar hukuma, balle da baƙi daga wata ƙasa. Ofishin da na fara zuwa suka ce maganar wasanni ce, in je wajen masu wasanni. Can suka ce su kokawa da ƙwallon ƙafa suka sani, wannan kuwa tunda akwai baƙi sai Damagaram. A Damagaram aka ce in koma inda na fito in kawo sa hannu. Duk inda na shiga sai na sake bayanin golf daga farko, in tsuguna ina zana rami a ƙasa, a saurare ni da murmushi, a ce in dawo wani mako. Ina cikin wannan zirga-zirga ƙungiyata ta watse. Malaman nan suka ce su ma'aikatan gwamnati ne, ba za su tsaya a taron da ba takarda ba. Kukunmu ya tafi neman iyayensa da dabbobinsu suka ƙare. Direban da ya fi mu iya bugu aka sa shi jigilar tsabar agaji. Daga ƙarshe rediyo ta sanar an rufe iyaka.

Baba ya aiko mini da saƙo ta bakin wani ɗan garinmu cewa a bari sai Allah ya kawo sauƙi, ba wanda zai ga laifina. Na mayar masa da cewa fili ya gama, matata ta ware dawar agajin da muka samu don tuwon baƙi, in bai zo ba na zama abin dariya a gari. Na kwatanta masa hanyar daji da mutane ke bi. Ya zo, shi da mutum biyu, sandunan a naɗe cikin tabarma a bayan jaki. Mu ma mu uku muka rage. Da hantsi muka fara, ba mu kai ga rami na uku ba sai ga motar jandarmomi. Ashe an kai labari cewa ana haƙa ramuka ana kafa tutoci kusa da iyaka, ga baƙi sun shigo da ƙarafa a ɓoye.

Kwanaki muka yi a tsare. Ba a doke mu ba, amma tambaya ɗaya ake maimaitawa: wa ya aiko mu, ramukan na mene ne, tutocin wa ake yi wa alama. Na yi bayani har muryata ta dishe. Babbansu ya ɗauki ƙwallon yana jujjuyawa, ya ce da zai fi gane ni in na ce fasa-ƙwauri nake yi, don mai fasa-ƙwauri abinci yake nema. Ya ce mutane na bin layin tsaba tun safe, ta yaya zai rubuta wa na sama da shi cewa magidanta sun tsallako iyaka don su jefa wannan a rami. Sai da Yaya ya ɗauko mai gari da liman suka tsaya mini aka sake ni. Su Baba aka raka su bakin iyaka, sandunan kuma aka riƙe. A nan na ji ashe ba nasa ba ne, daga ɗakin kayan da yake tsaro ya aro su don kada in ji kunya. Da za a tafi da shi bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ɗan Faransa, ka gaida iyali."

Da ruwa ya dawo, wuraren da na zuba mai suka ƙi fitar da ko ciyawa. Na kwashe ƙasar, na yi ta kai taki, amma sai da aka yi damina da dama Yaya yana kewaye su da hauya, in mun haɗu a gona ba ya ɗaga kai. Bayan an buɗe iyaka na koma Kano, aka ce mini an sallami Baba saboda sandunan, ya koma ƙauyensu, ba wanda ya san sunan ƙauyen. Gasar ma daga nan ba a sake yin ta ba.

Har yanzu ina ganin wasan ba laifi ba ne, haɗuwarmu ma alheri ce. Abin da ke ci mini rai shi ne kowa ya ga lokacin bai dace ba, aka faɗa mini ta kowace hanya, ni na ɗauki janyewa abin kunya. Masu shirya taro, na wasa ne ko na zumunci, ku duba halin da gari yake ciki kafin ku duba alkawarin da kuka yi a gaban jama'a. In wanda ya girme ku ya ce a ɗaga, ku ɗaga. Kuma kada ku matsa wa mai jin nauyinku, don zai zo ko da abin zai cutar da shi, ba kuma zai faɗa muku abin da zuwan ya ci masa ba.