Ƙafar Burul

Sagindik mutumin garin Karakol ne, a gindin dutse aka yanke masa cibiya. Da bazara dawakin surukinsa yake kiwo. Da hunturu kuwa masu zuwa hutu yake koya wa yadda ake ɗaura katako biyu a ƙafa a zamo a kan ƙanƙara daga saman dutse. Shekara ashirin da biyu yana wannan sana'a, mutum ɗaya tak ya taɓa karyewa a hannunsa.

Sunanta Burul, ungozoma daga birnin Bishkek, ta haura hamsin. 'Ya'yanta ne suka turo ta hutun mako guda, na farko a rayuwarta. Kwana biyu ta yi tana shan ƙasa a gangaren 'yan koyo, tana tashi tana dariya.

"Ƙanena," in ji ta, "ni da na karɓi haihuwa ba adadi, yau katako ya gagare ni!"

"Yaya, haɗa kawunansu, ki ware dugadugai. Ki bar kallon ƙafarki, ba guduwa za ta yi ba."

Rana ta uku aka wayi gari da sabuwar ƙanƙara mai laushi kamar garin alkama. Abokan aikinsa duk sun haye sama suna shan daɗi, shi yana ƙasa yana haɗiyar yawu. Ya san sarai Burul ba ta iya juyawa hagu ba tukuna. Duk da haka ya ce, "Yaya, kin ƙware. Yau sai sama."

"Anya kuwa?"

"Ni ne malamin ko ke?"

Suka hau kujerar da igiya ke ja zuwa saman dutse. Da suka fara saukowa ya wuce gaba, daɗin ƙanƙara ya ɗebe shi, ya manta da waiwaye. Sai ƙara ya ji. Ya same ta a gindin bishiya, ƙafar dama ta karye ƙasan gwiwa.

Washegari ya je asibiti da romon rago da matarsa ta dafa, ya shirya faɗin gaskiya. Burul ta riga shi.

"Kada ka sa wa ranka komai, ƙanena. Ka koya mini, ni ce na rikice." Ta juya ga babban ɗanta. "Wannan bawan Allah shi ya sauko da ni."

Ɗan ya kama hannunsa da hannu biyu yana godiya. Sagindik ya ajiye romon ya koma gida.

Ƙafar ta warke da ɗingishi. Tsayuwar ɗakin haihuwa ta gagare ta, ta ajiye aiki. Duk sallah sai ta kira shi a waya, ta tambayi iyali da dawakai. Matarsa kaɗai ya taɓa gaya wa abin da ya faru, ita kuwa ta ce, "Ni ka karya? Je ka gaya wa mai ƙafar."

Sau biyu yana zuwa Bishkek don haka. Burul ta dafa masa shinkafa da nama, ta cika shi da shayi, ta tara jikoki su gaida malaminta. Sau biyun ya dawo da maganarsa a ciki.

Yanzu ba ya hawa sama da ɗan koyo sai an kwana biyar, ko da kuwa mutum zai yi fushi ya sauya malami. In suna saukowa, baya yake bi. Matasan malamai sun sa masa suna Kunkuru, kuma yana amsawa.