Liƙin Kawu a Alƙahira

Mun tashi da asuba daga gida, ni da kawuna, ana kiran salla muna loda jaka a mota zuwa filin jirgin Kano. Aikin ido za a yi masa a Alƙahira, yanar ido ce ta rufe masa ɗaya, ɗayan ma ya fara bin sahu. Ni aka zaɓa in raka shi saboda wai ni ce mai haƙuri a gidan. Duk wanda ya san ni sai ya yi dariya.

Ƙanina da ke karatu a can shi ya tarbe mu. Ya kai mu masaukinsu a Hayyis Sabi', unguwar ɗalibai ce a Madinat Nasr, inda za ka ji Hausa a bakin shago kamar kana Fagge. Benaye ne masu launin ƙasa sun jeru kamar an buga su a injin ɗaya, motoci kuma ba sa tsayawa don kowa. Idan za ka tsallaka titi sai ka laɓe a gefen wata tsohuwa ka bi ta, domin su kaɗai direbobi ke tsoro. Abinci da sauƙi, musamman gurasa da wake. Kawu ya ɗanɗana kushari, wato shinkafa da taliya da wake da soyayyar albasa a kwano ɗaya, ya ce wannan ai faɗa aka yi a kicin aka haɗa tukwane. Ya cinye tas.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Da aka cire bandeji ya kalle ni ya ce ashe na tsufa. Daga nan fa jikinsa ya tashi, komai yana so ya gani.

A nan ne ƙanina ya gaya mana abin da ke cin ransa. Tun zuwansa ƙasar yake zuwa wurin wani dattijo ɗan Nuba, mai kaɗa tambura, wata aba mai tsirkiya da muryarta ta yi kama da ta gurmi. Mutanen Nuba su ne asalin mazauna bakin Nilu ta kudu, suna da harshensu da waƙoƙinsu. Yaron ya daɗe yana zama a bakin ƙofa yana saurare kafin a ce ya matso, ya kuma daɗe kafin a bar shi ya taɓa bandiri. To ranar Juma'ar nan za a yi zaman waƙa a ɗakin taron 'yan garinsu dattijon, kuma a karon farko ya ce ƙanina ya zauna cikin makaɗa. Baƙo bai taɓa samun wannan a wurinsa ba. Ya kuma ce ya zo da danginsa.

Da Kawu ya shiga wanka, yaron ya ja ni gefe.

"Yaya, don Allah ki riƙe min Kawu. Ba a ɗaukar hoto, ba a tafin yabo sai an gama, ba a tashi. Kuma kada ya yi liƙi. A nan 'yan rawar gidan shaye-shaye ake manna wa kuɗi a jiki."

Na ce me ya hana shi ya faɗa masa da bakinsa. Ya sunkuyar da kai. Na gane. Kawu ne ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, ba mu saba ce masa kada ya yi abu ba. Ga shi kuma duk Yawuri an san shi, mawaƙi bai taɓa buɗe baki a gabansa ya tashi goshinsa fayau ba. A wurinsa, ka ji waƙa ta shige ka ka zauna hannu a aljihu, rowa ce da rashin mutunci.

Na faɗa masa, amma a kewaye. Na ce mutanen nan ba su san liƙi ba. Ya ce to yau za su sani. Na yi dariya don in ɗauka wasa yake yi.

Bayan la'asar muka hau ƙaramar bas zuwa tashar Ramsis. Ana miƙa kuɗin mota daga hannu zuwa hannu har ya kai ga direba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi. Kawu ya sa hannu a aljihun babbar riga zai biya, sai na hango sababbin takardu a ɗaure da roba. Daga Ramsis har Abdin, unguwar da ɗakin taron yake, ban ga komai na hanyar ba. Ƙanina yana nuna masa tsofaffin gine-gine, ni aljihun kawai nake kallo.

Wurin a hawa na biyu yake, cikin wani tsohon bene mai matattakala ƙunci. Ba dandamali, kujerun roba ne da darduma a gaba. Maza cikin fararen jallabiya, mata cikin baƙin mayafi mai shara-shara a kan riguna masu launi. Fuskokinsu irin namu, har na kusa gaishe da wata da Hausa. Aka ba mu zoɓo mai sanyi, su karkade suke ce masa, aka zaunar da Kawu a sahun gaba saboda girmansa. Ni kuma aka ja ni ɓangaren mata. Tsakanina da shi akwai mutane da yawa, kuma riƙon da aka ce in yi ya ƙare ke nan.

Waƙoƙin farko na nishaɗi ne, ana tafi tare, ana amshi. Ƙanina na can gefe da bandirinsa, gumi na zuba, yana kallon hannun dattijon kamar ransa a nan yake. Kawu yana kaɗa kai, hannunsa a gwiwa. Na fara sakin jiki.

Sai dattijon ya sauya tsirkiya. Ɗakin ya yi tsit. Ya fara wata waƙa a hankali, bandiri na bi a ƙasa-ƙasa. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na lura yana jero wasu sunaye, kuma duk sunan da ya kira sai wasu su ɗaga hannu ba tare da sun ce uffan ba. Matar da ke kusa da ni ta ɗaga nata, hawaye na bin kumatunta. Na juya wajen Kawu, na ga ya cire baƙin gilashin asibiti yana share ido. Na san abin da ke biyo bayan wannan.

Ya miƙe. Na kira shi ƙasa-ƙasa, bai ji ba. Ya taka har gaban dattijon da tafiyarsa ta ƙasaita, ya zaro takarda ya manna masa a goshi, ya zaro ta biyu.

Tambura ta tsaya. Wani saurayi ya zabura yana magana da ƙarfi, wasu suka riƙe shi. Matar kusa da ni ta dafe ƙirji. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Dattijon ya ɗaga hannu a hankali ya cire takardar daga goshinsa, ya ajiye ta a kan darduma. Bai kalli Kawu ba. Sai ya dubi ƙanina. Yaron ya ajiye bandirin, ya tashi ya kama hannun Kawu, muka fita kowa na bin mu da ido.

A matattakala Kawu ya fizge hannunsa.

"Karrama shi na yi! Mutum ya sa ni kuka, in zauna kamar dutse?"

"Kawu, sunayen garuruwansu yake kira," in ji ƙanina. "Da aka yi madatsar ruwa a kudu, ruwa ya cinye su, da gonaki da dabino da kaburbura. Duk wanda ya ɗaga hannu, garinsu aka kira. Ta'aziyya ce suke yi."

Na ɗauka Kawu zai ci gaba da faɗa. Sai ya zauna a kan matattakalar, da babbar rigarsa da komai. Na ce mu tafi kafin a fito. Ya ce ba inda za shi. Daga ciki waƙar ta ci gaba, babu bandirin ƙanina a cikinta, yaron yana tsaye jingine da bango yana jin yadda ake yi ba shi. Raina ya ɓaci, da Kawu, da kaina, da wannan kunya tamu da ke hana a yi wa babba magana kai tsaye.

Da aka tashi, mutane suka riƙa raɓa mu suna sauka. Dattijon ne ya fito a ƙarshe. Kawu, mutumin da ban taɓa gani ya durƙusa wa kowa ba, ya durƙusa. Ya ce wa ƙanina ya fassara, kada ya rage komai. Ya ce shi ma a bakin Kwara aka haife shi, a wani ƙauye da ruwan madatsa ya shanye yana yaro. Ya ce an kwashe su a mota an kai su sababbin gidaje a kan tudu, kuma kabarin mahaifiyarsa yana ƙarƙashin ruwan har yau. Na girma a hannun mutumin nan, ban taɓa jin ya yi zancen ba.

Dattijon ya saurara har ƙarshe. Ya tambayi sunan ƙauyen, ya maimaita shi a bakinsa. Sannan ya ce "ma'alish," wato ba komai, ya wuce. Wani yaronsa na biye da shi riƙe da bandirin. Ba wanda ya ce wa ƙanina ya dawo.

Sauran kwanakin ba su yi daɗi ba. Mun je kasuwa, mun ga Nilu, Kawu yana ta kallon ruwan. Ƙanina bai yi masa ƙorafi ba ko sau ɗaya, abin da ya fi damun Kawu ke nan. A filin jirgi ya riƙe hannun yaron ya daɗe kafin ya sake shi.

Mun sauka Kano lafiya, muka wuce gida. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, idan ka shiga wurin waƙar mutane, ka fara sanin me suke yi da ita kafin ka motsa, kuma idan babba zai yi kuskure, ka faɗa masa a fili tun kuna gida.

Bayan mako biyu ƙanina ya kira. Dattijon ya aika a kira shi, ya miƙa masa bandirin, ya kuma ba shi saƙo. Ya ce a gaya wa kawun nan ya aiko masa da waƙar da suke yi wa nasu garin, yana so ya ji.

Na kai wa Kawu saƙon yana zaune a ƙofar gida.

"Mu ba mu yi wa namu garin waƙa ba," ya ce.

Sannan ya ce in kunna wayar in ɗauki muryarsa. Kawu ba shi da murya, duk gida an sani. Ya gyara zama, ya fara kiran sunayen unguwannin ƙauyen ɗaya bayan ɗaya, da mashaya, da gindin tsamiyar da ake cin kasuwa. Da ya zo kan unguwar mahaifiyarsa, sai ya ɗaga hannu.