Kawu Illa da karensa Jandarma

Kowa ya san Kawu Illa a Ƙonni ya san gwangwanin nan na kananzir. In ka je gaisuwa, sai ka iske shi gurfane bisa kunnen karensa Jandarma, yana cire kaska yana jefawa ciki. Ka yi ta sallama, amsar ita ce: "Dakata, ga wata babba!"

Dole in tuna da marigayin yau. Shekaranjiya mahaukacin kare ya biyo ni har zaure, Jandarma ya tare shi, ya samu cizo a kafaɗa. Sai maƙwabta suka ce a kashe Jandarma, kada shi ma ya haukace.

Kai, Kawu! Duk shekara sai ya ɗauki kabu-kabu, kyanwarsa cikin kwando, kare na bin su da gudu, a je wurin likitan dabbobi allurar hauka. Shi kuwa ko ƙofar asibiti bai sani ba.

Matarsa Inna Hajo ta ce, "Malam, kai ma ka je a duba ka mana!"

"Ni in na haukace wa zan ciza? Haƙori ukku sunka rage min!"

Ran sunan jikansa wani baƙo ya jefa wa Jandarma ƙashin kaza. Kawu ya yi tsalle da babbar riga, ya riga karen cafkewa. "In ya maƙale mai a wuya, kai ka sa hannu ka hiddo?"

Maganin tsutsar ciki kuwa cikin tsire yake ɓoye shi. Wata rana ya aje bisa tabarma ya je neman karen, amininsa Malam Sani ya shigo ya lamushe.

"Illa, naman ga da ɗaci!"

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "To, madalla. Ka komo bayan wata ukku a ƙara ma."

Da yana jinya ya ce mini, "Ɗiyata, na bar miki su, kare da kyanwa." Ni da ko haushin kare na ji sai in hau turmi!

To, jiya ni na ja igiyar karen har wurin likita, ina kuka, Jandarma na ɗingishi. Likitan ya wanke ciwon, ya ƙara masa allura, ya ce tunda bai taɓa tsallake rigakafi ba, a ɗaure shi a sa masa ido, kada a kashe. Na faɗa wa maƙwabta haka da bakina.

Yana nan ɗaure gindin darbejiya, ni ke kai masa ruwa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya tausaya masa yadda ya tausaya wa marasa baki. Ya kuma bar mini wannan da rai.