Ranar Da Balaraba Ta Kori Surukarta

A Gabi aka haifi Balaraba, aure ne ya kawo ta Madarunfa tun tana da ƙuruciya. Mijinta Mamman masunci ne. Da ya rasu, ta ci gaba da suyar kifi a bakin tafki, da ita ta rayar da 'ya'yanta. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma tana alfahari da harshenta. Tana ciniki da Fulani da Fulatanci, tana gaisawa da Zabarmawa, har Faransancin asibiti tana tsinta.

Autanta Abdoul Aziz direban babbar mota ne, yana kai albasa Gana. Can ya auri Saratu, 'yar Tamale, wadda ba ta jin Hausa sai yarensu da Ingilishi. Da ya bugo waya ya ce zai kawo ta ta zauna da Inna, Balaraba ta rantse ba za ta tarbi surukarta da nuni da hannu ba kamar kurma.

Ta sami maƙwabcinta Ɗan Baba, wanda ya daɗe yana cirani a Legas, suka shirya: shi darasin Ingilishi, ita kifi. Ya koya mata house, ya koya mata home.

"To duk ba gida ba ne?" in ji ta.

"Guda gini ne, Inna, guda kuma inda hankalinki yake kwanciya."

Ya koya mata kitchen, wato madafa, da chicken, wato kaza. Sannan ya zo kan live da leave.

"Nan fa ki kula. Kamar garin da ake zama ne da garin da ake tuwo. In kin gajarta, kin ce zauna. In kin ja, kin ce tashi ki bar nan."

"Ni za ka koya wa jan magana? Kafin a haife ka nake ja ina gajartawa."

Ranar da baƙi suka iso, gida ya cika da mata. Abdoul Aziz ya sauke kaya ya fita gaida dattawa. Balaraba ta gyara kallabi, ta kama hannun Saratu, ta shaida mata cikin Ingilishi cewa ta yanka mata kitchen biyu. Saratu ta dubi madafa, ta gan ta lafiya lau, ta yi murmushin ladabi. Balaraba ta ɗauka yabo ne, kanta ya ƙara girma.

Sai ta kai ta ƙofar ɗakin da ta sa aka yi wa sabon shafe. Ita kuwa Balaraba in farin ciki ya kama ta, jan murya take yi, ko sannu sai ta miƙe ta kamar igiya. Ta buɗe hannuwa, ta ɗaga murya don mata su ji, za ta ce wa amarya live, ta ja kalmar iya numfashinta. Ganin amarya ta yi tsuru, ta maimaita, ta ƙara ja, har da nuna ƙofa.

Saratu ta sunkuyar da kai, ta ɗauki jakarta, ta fita zaure ta zauna tana hawaye. Balaraba ta juya ga mata ta ce, "Kun gani? Daɗi ne ya sa ta kuka."

A zaure Abdoul Aziz ya tarar da matarsa. Ya shigo ido waje.

"Inna, me kika ce mata?"

Ta faɗa masa, da jan da komai. Ya dafa bango, dariya ta hana shi tsayuwa.

"Inna, korar ta kika yi! A gaban jama'a!"

Balaraba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba ta ko nemi takalmi ba, ta fita zaure, ta ɗauke jakar ta ɗora a ka, ta riƙo Saratu ta jawo ta har cikin ɗaki, ta zaunar da ita bakin gado. Sannan ta kawo kazar, ta yago cinya ta sa mata a hannu. Da Abdoul Aziz ya bayyana abin da ya faru, Saratu ta yi dariya har ta ƙware, ta ce da Hausarta ta kame-kame, "Inna, na gode."

Saratu ta zauna, ta haihu a Madarunfa, yanzu ita ke juya kifi in ƙafar Inna ta motsa. Balaraba kuwa da bakinta take ba masu saye labarin, tana kwaikwayon muryar kanta har mutane su riƙe ciki.

Bara Saratu ta so ta ci gaba da koya mata Ingilishi daga inda Ɗan Baba ya tsaya. Ta ce ɗan ɗan'uwa nephew ne, 'yar ɗan'uwa niece, ɗan baffa kuma cousin. Balaraba ta saurara tana kaɗa wuta, sannan ta ce, "Ɗiyata, tsaya nan. Ɗan ƙanena ɗana ne, ban da wani suna da zan ba shi. Miƙo min yaji."