Tokar Kara a Kan Fata

Yau ne sunan ɗana na fari. Daga ɗaki nake jin sabon wanzami yana wasa aska a dutse kawai.

Marigayi tsohon wanzaminmu na Adabka ba ya haka. Ranar askin ƙanena, ya murza tokar da Inna ta kawo, ya ce, "Wagga da yashi, ɗiyata. Kawo ta kara, tankaɗaɗɗiya." Ya shafa wa fatar wasa aska, ya yi ta goga askar a kanta a hankali. Har aka gama jaririn bai farka ba.

Ga shi an zo ɗaukar nawa, kunyar ɗan fari ta ɗaure mini baki. Allah ya jiƙan Baba wanzami, ya ara wa wannan sabon sanyin hannu irin nasa.