Tsayuwar Motar Baba

Duk lokacin da na ji warin man birki sai in tuna da safiyar Juma'a a ƙofar gidanmu a Daura. Baba yana kwance ƙarƙashin tsohuwar akori-kurarsa da sifana a hannu, ni ina kan kujerar direba, ƙafata da ƙyar take kai birki.

"Taka! Riƙe! Saki!"

Haka muke fitar da iska daga birkin kafin mu ɗauki hanya. Duk da haka motar ba ta tsayawa inda aka so. Da kaka, idan mun je garin Babban Mutum ɗauko gero wurin yayan Baba, wanda muke kira Baffa, sai mun zarce ƙofar gida har gindin darbejiya sannan mu dawo da baya. Baffa yakan fito yana dariya: "Ɗan'uwa, jakina ma ya fi wannan jin magana."

Shekaru suka ja. Idon Baffa ya rufe, ƙafar Baba ta daina iya taka birki. Motar ta zauna a gefen zaure, kaji suna ƙwai a bayanta. Wata rana Baba ya kira ni ya ce in sa mata birkin zamani in kai shi wurin Baffa.

Na ce, "Baba, ga motata mai sanyi."

Ya ce, "Yaya ba ya gani yanzu. Kukan wannan ya sani."

A nan na yi laifin da nake so ka sani, mai karatu. Kunya nake ji abokan aikina su gan ni a cikinta. Sai na ce masa bakanike ya ce ba a samun kayanta ko a Kano. Ban ma tambaya ba. Sau uku yana tuna mini, sau uku ina maimaita ƙaryar, yana cewa, "To, Allah Ya kawo." A damina ta biyu ya rasu.

Bana na ja ta zuwa gareji. Kwana huɗu kawai aikin ya ci. Aka cire gangunan birkin gaba aka sa na faifai, aka canja bututun man birki. Bakanike ya shiga ƙarƙashinta ya ce in taka in riƙe. Na taka, ina kallon gefe kada ya leƙo ya ga idona.

Na kai ta Babban Mutum ni kaɗai. Ina taɓa birki ta tsaya cak a ƙofar gida. Baffa yana zaune a tabarma, ya karkata kai yana saurare tun kafin in kashe injin. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai.

Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya lalubo kafaɗata.

"Tun tana shan kwana na ji kukanta, har na zaci ɗan'uwana ne ya dawo. Da ta tsaya daidai na san ba shi ba ne. Tashi, ɗana, ka kai ta gindin darbejiya ka dawo da baya, in ji."

Na tashi na yi.