Mai Fito da Kwandunansa

Kafin motar farko ta hau gada, Baba Mai Fito ya riga ya tura kwalekwalensa. Hazo na kwance a kan kogin da ya raba garinmu biyu, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, shi kuma yana bin gaɓa a hankali, yana tsamo leda da gorar tuƙinsa kamar mai cire wa jikarsa ƙaya.

Tun ranar da aka buɗe gadar, sana'arsa ta mutu. Abokan aikinsa suka watse, shi ya ƙi tafiya. In ka zauna kusa da shi zai nuna maka inda dorina ke kwana a zamanin mahaifinsa. Yau wurin wankin mota ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kwandunansa. Duk shekara in ruwa ya janye, kififiya, kunkurun ruwan nan mai taushin baya, takan fito tudun yashin ƙarƙashin gada ta binne ƙwai. Baba yana gane sawunta. Sai ya kife tsohon kwando a wurin, ya danne da dutse, kare bai tona ba, mai shebur bai sara ba. In lokacin ƙyanƙyasa ya yi, ya ɗaga musu.

Masu wanki sun ba ni labarin ranar da direban tifa ya zo ɗiban yashi, ya tarar da Baba zaune a kan hanya.

"Baba, tashi mana. Kunkurayen nan surukanka ne?"

"Sun riga kakanka zuwa garin nan, ɗana. Ko ka zagaya ko ka bi ta kaina."

Direban ya yi tsaki, ya zagaya. Har yau zagayawa yake yi.

Baba, kai ne ka tsare wa gari abin da garin bai san nasa ba ne. Mu da muke wucewa ta sama muna watso maka shara, ba ka taɓa zaginmu ba. Ni zan faɗa: mun yi abin kunya.

Yanzu gwiwa ta ƙi. 'Yarsa ta zo ta ɗauke shi zuwa gidanta, can inda ba a jin ƙamshin ruwa. Ta ce mini, "Duk wanda ya zo gaishe shi, kafin Baba ya tambayi iyali sai ya ce, ruwa ya janye?"

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya. Ku kuwa jama'a, ruwa ya fara janyewa, jiya na ga sawu a kan yashi, babu abin da aka kife a kai. Kada kowa ya ce mini ba shi da tsohon kwando a gida.